Busar da Ta Biyo Ni Daga Kano

Kwanakin baya na hau acaɓa daga Sule Tankarkar zan koma Ɗanzomo. An yi ruwa da safe, hanya duk taɓo. Muka iske wani saurayi ya tattare ƙafar wandonsa da 'yan yatsu biyu, yana tsallake ruwa a hankali kada ya ɓata takalmi. Sai mai babur ɗin ya rage gudu, ya tsuke baki ya yi masa fito. Gajeriyar busa ce, ta hau, ta sauka, ta karkata gefe kamar mai juya ƙugu. Saurayin ya yi masa daƙuwa, shi kuwa ya yi ta dariya har babur na tangaɗi.

Na ce, "Ɗana, ina ka samo wannan busar?"

Ya ce, "Ai ta garinku ce, Baba. Tun muna yara ita ake yi wa namiji in yana tafiyar mata."

"Wa ya fara ta?"

"Oho. Haka muka tarar da ita."

Na ƙara riƙe ƙarfen bayan babur. Na san wanda ya fara ta, na san ƙahon da ta fito daga cikinsa, na kuma san wanda aka fara yi wa.

Mahaifina malami ne mai zaure da ɗalibai, kuma duk azumi shi ke yin tafsiri a masallacin unguwarmu tsakanin azahar da la'asar. Ni ne ɗansa na fari. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, domin yau uba kan saɓa ɗan farinsa a kafaɗa ya kira sunansa a tsakiyar kasuwa, har ya sa a rubuta masa shi a bayan mota. A zamaninmu kunya ba ta bari. Tun da aka raɗa mini suna ban taɓa jin sa a bakin Malam ba, ban taɓa jin sa a bakin Inna ba. In Inna na nemana sai ta ce "kai," ko ta turo ƙanwata. Malam kuwa gyaran murya yake yi, kuma iri biyu ne: akwai na buta, akwai na littafi, ban taɓa rikita su ba. Ban ɗauki wannan a ƙiyayya ba, haka ake yi wa kowane ɗan fari da na sani. Na tashi ne a cikin ƙarar lugude da sassafe, da kukan igiyar guga a bakin rijiyarmu mai zurfin da sai ka gaji da jira kafin ka ji guga ta taɓa ruwa. Ni ke dafa tawada, ni ke fere alƙaluma, ni ke jera takardun Malam in iska ta hargitsa su, domin ni kaɗai ba na sa shafi a inda ba wurinsa ba. Ba na kokawa, ba na langa. In baƙo ya gaishe ni sai in duba ƙasa.

Abu ɗaya gare ni, murya. Siririya ce, ko da na balaga ba ta yi kauri ba. Wata shekara Malam ya zaunar da ni a damansa ya ce ni zan riƙa jan baƙi, in karanta aya shi ya fassara wa jama'a. Ni da ba na iya sayen gishiri a kasuwa ba tare da bakina ya yi rawa ba, in na buɗe Alƙur'ani a gaban cikakken masallaci sai in ji duk tsoro ya sauka. Tsofaffi kan ce karatun yaron nan na sa mai azumi ya manta da ƙishirwa. Daga wannan shekarar Malam ya sami abin da zai kira ni da shi. Sai in ji shi daga zaure yana cewa, "Ku kira mini mai jan baƙi." Wannan ne sunana a bakin ubana, kuma buzun nan da ke damansa shi ne duk abin da na mallaka a garin. A waɗancan shekarun azumi na faɗowa a ƙarshen damina, daidai dogon hutu, saboda haka ko da aka kai ni makarantar kwana a Gumel wurina na nan yana jirana.

A makarantar ne na haɗu da wasan kwaikwayo. Malaminmu na Hausa ke kula da shi, saurayi ne mai zafin nama da ya yi karatu a birni. Wasan lokacin ba a rubuce yake ba. Malamin zai zaunar da ku ya ba ku labari, ya ce kai ne direba, kai ne mai unguwa, kai ne ɗan kamasho, kowa ya nemo maganarsa da bakinsa. Ni ban shiga don in fito ba. Ina zuwa ne in zauna a bayan aji in kalla, kuma da yake ba na mantuwa, sai ya zama in an yi gardama a kan abin da wane ya faɗa jiya, ni ake juyowa a tambaya.

Sai aka ce za a yi gasar makarantu a Kano. Malamin Hausa ya kawo labarin wata mai daddawa, Tasalla, wadda mijinta ya tafi cin rani a shekarar fari bai dawo ba. Duk ranar kasuwa takan ɗauko ƙwaryarta ta biya tasha ta tambayi direbobi ko sun gan shi, suna yi mata wasa, tana rama musu. A ƙarshe wani direba ya gaya mata gaskiya, cewa an binne shi tun bara a bayan birni. Makarantar maza ce zalla, dole namiji ya zama Tasalla. Malamin ya bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Shugabansu wani dogo ne ɗan Gagarawa, mai baki kamar reza, shi aka ba direba. Ya nuna ni da haɓa.

Ya ce, "Malam, ga mai muryar can a zaune. Ba sai ya matse maƙogwaro ba."

Aka yi dariya. Malamin ya ce, "Za ka iya?"

Ban iya cewa a'a ga malami ba. A gidanmu ba a koya mini yadda ake yi ba. Na ce, "Zan gwada."

Ni kuma in na karɓi aiki ba na yin rabinsa. Na roƙi izini ranar wata Alhamis na tafi kasuwar Maigatari, na sami gindin wata rumfa kusa da masu daddawa na zauna tun hantsi. Na ga yadda mace ke naɗa gammo ba tare da ta duba ba. Na ga cewa mai ɗauke da kaya ba ta juya wuya, duk jiki take juyawa. Na ga ƙugu ne ke ɗaukar tafiyar don kai ya zauna daidai, ba yanga ba ce, nauyi ne. Na ga yadda tsohuwa ke sauke ƙwarya in ta gaji, gwiwa ɗaya tukuna, sannan hannu biyu, sannan ta bar tafinta a kan faifai ɗan lokaci kamar mai lallashin yaro. Na koma makaranta na yi ta maimaitawa a bayan ɗakin ajiya da bokiti a kai. Matar malamin ta ara mana zani da kallabi.

A Gagarawa Tasha muka hau jirgin ƙasa. Ban taɓa zuwa Kano ba. Abin da na fi tunawa ba gidaje ba ne, ba motoci ba, ƙara ce. A garinmu in abu ya yi ƙara ka san mai shi, ka san jakin wane ne ke kuka. A Kano ƙara ba ta da mai ita. Aka kai mu wani babban ɗakin taro mai dandamali na katako da jan labule, kujeru a jere har sun hau bene. A gefen dandamalin an ajiye 'yan jaz. An ɗauko su ne daga wani otal a Sabon Gari don su cika tsakani, in wata makaranta ta sauka kafin wata ta hau. Ni kiɗan da na sani kalangu ne da gangar noma da algaita, kowanne da wanda ake yi wa da kirarin da yake faɗa. Waɗannan ba kowa suke yi wa ba. Akwai mai ganguna jere da faya-fayan ƙarfe, akwai mai wata ƙatuwar garaya da ake tsayar da ita a ƙasa a rungume ta, akwai mai jita. Sai wani siririn mutum mai furfura a gemu, yana rataye da ƙahon tagulla mai lanƙwasa kamar lofe. Ba takarda a gabansu. In sun fara kiɗa, ɗaya zai ɗauko zance, ɗaya ya karɓe ya kai shi wani wuri, su bar shi ya yi nisa har ka ce ya ɓata, sai ka ji duk sun haɗu a ƙofa ɗaya. Na tsaya da baki buɗe. Na ce a raina ashe irin wasanmu suke yi, an ba su labari ne kawai, kowa na nemo maganarsa.

Da safe aka ba kowace makaranta lokaci ta gwada dandamali. Na ɗaura zani, na ɗora ƙwarya, na ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. 'Yan jaz na shan shayi. Sai mai ƙahon ya ajiye kofinsa. Da ya yi magana na gane Badamagare ne.

Ya ce wa malaminmu, irin yadda ake kiran malamin boko a hayin iyaka, "Mushe, wannan daga ina kuka samo ta?"

Malamin ya ce, "Ɗalibina ne. Namiji ne."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗan lakwal," wato ɗan makaranta, "sake tafiyar nan in gani. Kada ka saurare ni, kada ka bi ni. Ni zan bi ka."

Na sake. Na ɗaga ƙafa, sai ƙaho ya ɗaga tare da ni. Na sauke, ya sauka. Ƙugu ya karkata, ya karkata. Wata 'yar busa ce mai fara'a, ta macen da ta fito kasuwa da sa rai. Mai garaya ya shigo a ƙarƙashinta a hankali. Tun da nake ba wanda ya taɓa duban ƙafata, balle ya bi ta.

Da la'asar aka yi wasan, ɗaki cike. Ba a shirya za su yi mana kiɗa a cikin wasa ba, amma duk fitowar Tasalla sai mai ƙaho ya tashi tsaye ya raka ta da busar nan, mutane na dariyar yadda take rama wa direbobi baƙar magana. Har aka zo ƙarshe. Ɗan Gagarawa ya cire hularsa ya ce, "Baiwar Allah, ki daina zuwa tashar nan. An binne shi tun bara." Na gyara ƙwarya a kai. Na juya duk jiki, na fara tafiya. Mai ƙaho ya ɗauko busar ɗazu, amma ya ja ta, ya rage mata gudu, har ta zama kamar ba ita ba. Da na kai tsakiyar dandamali na sauke gwiwa ɗaya, na sauke ƙwarya, na bar tafina a kan faifai. Nan busar ta rabu da hanyar da ta saba. Ta hau sama siririya, ta yi ta hawa, ta tsaya a can tana rawa har na ji numfashin mutumin na ƙarewa, sannan ta karye. A cikin karyewar na saki kuka. Ɗakin nan ya yi tsit, har ina jin fankar sama. Wata mata a layin gaba ta rufe fuska da gyale.

Bayan an tashi ina naɗe zani a bayan labule, sai ga shi yana goge bakin ƙahonsa da tsumma.

Ya ce, "Wa ya koya maka sauke ƙwarya?"

Na ce, "Masu daddawar Maigatari."

"Haka tsohuwata ke saukewa." Ya naɗe tsummansa. "Yaya sunanka?"

Na gaya masa. Ya maimaita shi cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana abu. Ya ce, "Ni da kai muka yi wannan. Ko an ce in sake ba zai fito haka ba." Sannan ya duba zanin da ke hannuna. "Garinku babba ne?"

"Ƙarami ne. Kusa da iyaka."

"To, abin nan ka bar shi a Kano. Ni na daɗe rabona da gida. A can ba su san na iya komai ba, sun dai san ina busa wa mashaya."

Ban gane ba a lokacin. Ina cikin daɗi.

Ba mu bar shi a Kano ba. Da muka dawo aka ce ai dole mutanen gari su ga abin da yaransu suka kai birni. Aka kafa dandamali da bencina a filin makaranta, da yamma, aka buɗe ƙofa ga kowa. 'Yan kasuwa suka zo, da direbobi, da yaran mota masu bin ƙauyukanmu. Babu 'yan jaz a Gumel. Malamin Hausa ya ce wasan ba zai yi armashi ba sai da busar nan, sai ya tambaya ko akwai wanda ya riƙe ta. Ɗan Gagarawa ya ce shi ya riƙe, tun a jirgi yake yin ta da fito. Aka ce duk fitowar Tasalla, in ba ya kan dandamali, ya yi daga bayan labule. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa ƙaho daban ne, fito daban. A wurinmu ba a yi wa mutumin kirki fito. Kuma rabin farko kaɗai ya riƙe, mai fara'ar.

Tun fitowata ta farko na ji dariyar ba irin ta Kano ba ce. A Kano Tasalla suke gani. A nan wani ya ce daga baya, "Kai, wannan ba ɗan Malamin Ɗanzomo ba ne?" Magana ta bi layi. Na daure na ci gaba. Da aka zo ƙarshe, ɗan Gagarawa ya faɗi mutuwar miji, ya koma bayan labule. Na juya, na fara tafiyar nan mai nauyi. Sai fito ya tashi, da sauri, da karkatar ƙugu, yana rangwaɗa a bayana. Fili ya ɓarke. Na sauke gwiwa, suna dariya. Na sauke ƙwarya, wani ya ce, "A hankali, amarya." Na yi kukan kamar yadda aka shirya, a daidai wurinsa, domin ban san yadda ake barin aiki a tsakiya ba. Dariya har da masu faɗuwa daga benci.

Kafin hutu ya zo sunan ya riga ni zuwa gida. Yaran mota suka kai shi Maigatari, suka kai shi Sule Tankarkar, suka sauke shi a tashar garinmu tare da buhunan gishiri. Na sauka daga mota da akwatina a kai, ban yi nisa ba na ji fito daga rumfar mai shayi. A bakin rijiya 'yan mata suka ce, "Tasalla, nawa daddawa?" A makaranta ma ba mai kirana da wani suna. Ɗan Gagarawa ya ce mini, "Kai ma ka cika ɗaukar abu da zafi. Ai suna ka yi." Na sa raina a kan azumi. Na ce in na zauna a daman Malam na buɗe baki, za su tuna ko ni wane ne.

Ranar farko ta azumi gero ya fid da kai, gari ya yi kore, ana zafi mai ɗanshi. Bayan azahar na ji gyaran muryar littafi. Na ɗauki gafaka na bi bayan Malam. Samari na kwance a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci. Da muka zo wucewa wani ya yi fiton, ƙasa-ƙasa, rabin numfashi. Malam bai waiwaya ba, amma na ga wuyansa ya ƙage. Muka zauna. Na buɗe, na fara. Ban kai ƙarshen ayar farko ba na ji wani a sahun baya ya shaƙe dariya ta fito masa ta hanci. Na kusa da shi ya kama. Ba wanda ya ɗaga murya, kafaɗu ne kawai ke rawa, layi bayan layi. Ladan, tsoho ne abokin Malam, ya juya ya ce, "Ku ji tsoron Allah, a masallaci kuke." Wannan ya sa wanda bai lura ba ma ya lura. Na karanta rabona har ƙarshe. Ban yi kuskuren wasali ɗaya ba.

Kafin magariba Malam ya sa aka kira ni zaure. Shi kaɗai ne, carbi a hannu.

Ya ce, "An ce ka ɗaura zani a Kano."

Na ce, "Wasa ne, Malam, na makaranta."

"Ban tambaye ka ko mene ne ba. Ka ɗaura?"

"Na ɗaura."

"Da kallabi."

"Da kallabi."

"Aka busa maka abin da ake busa wa mashaya, kana tafiya."

"An busa."

"A Gumel ma."

"A Gumel fito aka yi."

Ya ja carbi ɗan lokaci. Ya ce, "Kukan da aka ce ka yi, da wace murya ka yi shi?"

Na ce, "Da tawa, Malam. Ita kaɗai gare ni."

Ya ce, "To." Ya ɗaga hannu, na tashi.

Bai doke ni ba, bai zage ni ba. Washegari bayan azahar na zauna a tsakar gida da alwala, ina jira. Na ji ya ce, "Ku kira mini mai jan baƙi." Na miƙe. Kafin in kai ƙofar zaure na ga wani babban ɗalibinsa, mai kakkaurar murya, ya riga ya rataya gafaka. Ashe da shi ake. Na bi su daga nesa na zauna a sahun ƙarshe wajen takalma. Ɗalibin na tuntuɓe a wuraren da na sani tun ina ƙarami, leɓena na gyara masa ba sauti. Ba wanda ya yi dariya. Haka aka yi watan. Inna ba ta ce mini komai ba. Da shan ruwa nakan ji ta ce wa ƙanwata, "Ce masa ya ƙara kunu."

Gyaran muryar buta kaɗai ya rage mini, na riƙe shi da kyau. Bayan salla wasu fatake masu haye iyaka suka zo neman addu'a kafin tafiya, zaure ya cika. La'asar ta yi. Ina bayan danga da buta cike a hannu, ina jiran Malam ya yi gyaran murya. Bai yi ba. Sai na ji ya ce wa wani ɗalibi, da muryarsa ta kullum, ba fushi, ba wasa:

"Ce wa Tasalla ya kawo buta."

Ba wanda ya yi dariya a zauren. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Shirun nan ne ya nuna mini an gama, tunda Malam ya faɗa, sunan ya zauna. Sunana na yanka kunya ta hana shi kamawa. Mai jan baƙi ya zama wani. Wannan kuwa ba kunya a cikinsa, na kan titi ne, kowa na iya ɗauka. Shi ne sunan mutum na farko da ubana ya taɓa kirana da shi a gaban mutane. Na shiga na durƙusa, na ajiye butar a gabansa da hannu biyu.

Har ya rasu da shi yake kirana. Na gama makaranta na yi aikin koyarwa a ƙauyukan nan har na yi ritaya, aka ƙara mini Malam a gaba, na zama Malam Tasalla. Yaran da na koyar suna faɗinsa da ladabi, wasunsu sun ɗauka sunan kakana ne. Ban sake hawa dandamali ba, ban sake karatu da ƙarfi a gaban jama'a ba. Yanzu jikokina kan nuna mini waya, ƙato da gemu ya ɗaura kallabi yana murguɗa baki, ana yaba masa, ana neman ɗaukar hoto da shi. Kiɗan da ke bayansa daga na'ura yake fitowa, iri ɗaya ga kowa, ba mai duban ƙafar wani. Na taɓa komawa Kano na nemi ɗakin taron, na tarar ana ajiye siminti a ciki. Na tambayi masu gadi labarin 'yan jaz, suka dube ni kamar na yi wani yare. Ban san inda Badamagaren nan ya ƙare ba, ko ya koma gida, ko shi ma a bayan birni aka binne shi.

Duk wannan ya bi ta kaina a bayan babur ɗin nan. Da muka iso ƙofar gida na sauka na sallame shi, amma ban shiga ba.

Na ce, "Ɗana, busar nan da saura. Rabinta kuke yi."

Ya ce, "Da saura, Baba? To, yi mini in ji."

Tana nan a kunnena, duk da hawanta da rawar da take yi a can sama kafin ta karye. Na tsuke baki na hura. Haƙoran gaba sun daɗe da zubewa, iska ce kawai ta fito, da ɗan yawu. Na goge baki na sake. Ya jira ni, yaron kirki ne, bai yi dariya ba. Sai wata mata ta ɗaga masa hannu daga tsallaken hanya.

Ya ce, "Wata rana, Baba."

Ya taka babur ya tafi, yana fito da rabin da ya sani.